Littafin Germaine Acogny: yadda aikin yake tafiya

14 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye labarin aikin da na sa a gaba, wato ɗan littafi da Hausa kan rayuwar Germaine Acogny, 'yar rawar nan ta ƙasar Senegal wadda za ta cika shekara 80 a watan Mayu mai zuwa. Don yaran ƙungiyarmu ta raye-rayen gargajiya nake rubuta shi, sannan duk wanda yake so ya karanta.

Yaranmu sun iya koroso, sun iya takun Fulani, in an kira su biki ba sa ba mu kunya. Amma in ka tambaye su ina mai rawa yake nufa ranar da gwiwa ta fara ciwo, sai su yi shiru, domin waɗanda suka gani a gabansu duk watsewa suka yi, wani ya koma kasuwa, wata ta yi aure, abin da suka sani ya tafi da su. Shi ya sa na zaɓi wannan baiwar Allah. Yawancin 'yan rawa a duniya sukan yi tashe a dandamali tukuna, in ƙarfi ya ja baya su buɗe ɗakin koyarwa. Ita tana da shekara 24 ta buɗe nata, raye-rayenta na ita kaɗai da suka zaga duniya kuwa sai da ta haye arba'in suka zo. Kuma har yau, in aka ce Acogny, makaranta ce take fara zuwa zuciyar masu sana'ar. A kan wannan zan gina littafin. Lambobin yabo za su samu wurinsu, amma ba su ne gaba ba.

3 ga Fabrairu, 2024

Babin ƙuruciya ya kammala a rubutun farko. An haife ta ranar 28 ga Mayu, 1944, a garin Allada na ƙasar Dahomey, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin. Mahaifinta, Togoun Servais Acogny, ma'aikacin gwamnati ne a zamanin mulkin Faransa, kuma aiki ne ya kai gidan Senegal tun tana ƙarama. A Dakar ta girma, shi ya sa Senegal take ɗaukarta 'yar gida, Benin ma ba ta sake ta ba.

Akwai kakarta ta wajen uba, Aloopho, jagorar addinin gargajiya ta Yarbawa. Dangi suna kallon Germaine a matsayin kakar ce ta dawo, kamar yadda Yarbawa suke da wannan imani. Na tsaya a kan wannan wuri na ɗan lokaci, domin yaran da za su karanta 'ya'yan Musulmi ne da Kirista, kuma iyayensu ma za su leƙa. Na yanke in rubuta shi yadda yake, imanin gidansu ne, ba wa'azi nake yi da shi ba. In aka cire Aloopho ba za a gane dalilin da ya sa jikar ta sanya wa babban ɗakin rawarta wannan suna ba bayan shekaru masu yawa.

Daga 1962 zuwa 1965 tana Faris, a makarantar Simon Siégel, inda ta karanci koyar da motsa jiki. Ita kaɗai ce baƙar fata a ajin. Ta sha ba da labarin yadda aka riƙa kushe mata jiki a darasin bale, rawar nan ta Turawa, wai tafin ƙafarta shimfiɗaɗɗe ne, ƙugunta ya yi girma. Wata yarinyar da ta tattara ta bar rawa ke nan. Ita sai ta ɗauki tambayar ta juya ta: in wannan rawa ba don jikina aka yi ta ba, wace ce aka yi don shi? Duk abin da ta gina daga baya amsar wannan tambaya ce, kuma ina so yaranmu mata su karanta wannan shafi da kyau.

24 ga Fabrairu, 2024

Babi na biyu gajere ne amma shi na fi so. Da ta dawo Senegal ta koyar da motsa jiki a makarantun gwamnati, har da Ziguinchor a yankin Casamance, inda ta zauna da raye-rayen mutanen Diola ta kalle su da idon mai koyo. A 1968, aurenta na farko ya mutu, ga 'ya'ya biyu a hannu, ta buɗe ɗakin koyar da rawa a tsakar gidanta a Dakar. Babu gini na musamman, babu madubi jere a bango. Fili ne da makaɗi da ɗalibai.

Dakar ta wancan lokaci ba wurin wasa ba ce wajen al'adu. Shekara biyu kafin nan, a 1966, shugaba Léopold Sédar Senghor ya tara duniya a bikin fasahar baƙar fata na farko, wanda namu na Legas, Festac 77, ya biyo bayansa. Amma rawar Afirka a lokacin aba ce ta ƙungiyar ƙasa, a sa kayan gargajiya a nuna wa baƙi. A ce mutum ya biya kuɗi ya shiga aji ya koye ta daki-daki, yau wannan taku gobe wancan, ana gyara masa tsayuwa, wannan sabon abu ne. Mutane suna cewa ai a jini take, ba a koyonta. Wannan magana ita ce ta fi cutar da sana'ar, a can da nan duka, domin abin da aka ce ba a koyo ba a biyan mai koyar da shi.

9 ga Maris, 2024

Kafin mu tsaya don azumi, na ce bari mu gwada abin da nake rubutawa a jikinmu, kada littafi ya zama labarin kanzon kurege. Tsarin Acogny a kan ƙashin baya ya tsaya. Mai rawa yakan kafa ƙafa a ƙasa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, sannan motsi ya taso daga gadon baya ta hanya uku: ya yi igiyar ruwa daga ƙugu zuwa wuya, ko ya tsuke ya saki, ko ya karkaɗa. Ƙirji shi ne rana a wurinta, ɗuwawu wata, mara taurari, kuma tana so dukkansu su yi ta juyi. Motsin kuma kowanne da sunansa, daga abin da ɗalibi ya sani: akwai rimi, akwai kuka, akwai bado, akwai barewa.

Mun gwada rimi, gwargwadon abin da na gani a hotunan bidiyon azuzuwanta. Yara goma sha biyu a da'ira, ba takalmi. Baba, makaɗinmu, ya rage saurin kalangu har ya zama kamar ba kiɗan rawa ba. Abin da na fara lura shi ne duk ƙarfin yaranmu a ƙafa da kafaɗa yake. Bayansu a sandare. Wani yaro da ya fi kowa iya tsalle a koroso ya kasa sa motsi ya ratsa tsakiyar bayansa, yana zuwa ƙugu sai ya tsallake ya bayyana a wuya. Ya yi ta gumi. Wata yarinya kuwa, ƙarama, wadda kullum a layin baya muke sa ta, tana rufe ido sai abin ya zo mata, hannuwa a sama suna lilo, ƙafa ba ta gusa ko kaɗan ba.

Da muka tsaya ta ce, "Malam, ni na ɗauka rawa sai an yi sauri."

Baba ya ajiye kalangu ya ce mini, "Ɗan nan, wannan mata ta san abin da take yi. Kiɗan a hankali ya fi wuya, ba inda mutum zai ɓoye."

Na rubuta maganarsa a gefen babin. Abin da sunayen nan suke yi shi ne sukan ba malami abin kira. In na ce "rimi", yaro ya san inda zai sa ƙafa da inda numfashi zai bi, kuma gobe in ba na nan, wani zai ce "rimi" a samu abu ɗaya. Mu a nan muna koyarwa da "yi kamar yadda na yi". Ranar da mai yin ya tafi, shi ke nan.

20 ga Afrilu, 2024

An yi Sallah lafiya, na dawo kan aiki, kuma na shiga babi mafi nauyi, Mudra Afrique.

Maurice Béjart, shahararren mai tsara rawa na Faransa wanda ƙungiyarsa take zaune a Brussels a lokacin, ya buɗe makaranta mai suna Mudra a can a 1970. Yana da jinin Senegal: mahaifinsa, masanin falsafa Gaston Berger, a Saint-Louis aka haife shi, kuma jami'ar garin sunansa take ɗauke da shi yau. Shi da Senghor suka haɗa kai suka kafa reshen Afirka a Dakar a 1977, suka damƙa wa Germaine Acogny shugabanci tana da shekara 33. Béjart yakan kira ta 'yarsa.

Abin da ake koyarwa a wurin ya ba ni mamaki saboda faɗinsa. Ɗalibi zai yi bale, ya yi rawar zamani ta Turai da Amurka, ya yi raye-rayen Afirka, ya yi waƙa da wasan kwaikwayo, ya kuma zauna gaban Doudou Ndiaye Rose, sarkin kiɗan sabar na Senegal, ya koyi kiɗa. Ɗaliban daga ƙasashe daban-daban suka zo, wasu ba su taɓa tsayawa jikin sandar bale ba. A tsakiyar wannan hada-hada ne Acogny ta tace tsarinta, domin dole ta samo abin da zai haɗa ɗan Kongo da 'yar Burkina da ɗan Senegal a aji ɗaya ba tare da an ce rawar ƙabilar wani ce ta fi ba. A 1980 ta fitar da littafinta, Danse Africaine, da Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, cike da hotunan motsin, Senghor da Béjart suka rubuta gabatarwa.

An soke ta, kuma na ba sukar wuri a babin. Wasu sun ce ta gauraya rawar kakanni da ta Turawa ta ɓata. Wasu sun ce makarantar ra'ayin Senghor da Béjart ce, Afirka ta zane a takarda. Ban ga laifin tambayar ba. Sai dai ni a ganina mai tsoron gauraye bai lura da yadda rawa take rayuwa ba. Koroson da muke alfahari da shi ma haɗe-haɗe ne, an tsinto taku daga wurare aka ɗinka. Abin tambaya shi ne wa yake riƙe da linzami, kuma a ajin Acogny ƙashin baya da ganga ne suke riƙe da shi, bale baƙo ne da aka ba tabarma.

Ƙarshen makarantar ya zo da wuri. Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen Disamba 1980, Abdou Diouf ya gaje shi a lokacin matsin tattalin arziki, kuɗi suka tsaya, a 1982 aka rufe. Shekara biyar kacal. Makarantar da ta dogara da ƙaunar mutum ɗaya a fadar gwamnati, ranar da ya tashi ita ma ta tashi. Wannan darasi ne da ta riƙe, kuma in ka duba yadda ta kafa ta gaba za ka ga ta riƙe shi.

28 ga Mayu, 2024

Yau ta cika 80. Na so a ce littafin yana hannun yara yau, bai samu ba, rabi ya wuce kaɗan. Mun yi atisaye da yamma, na karanta musu shafin Faris.

Babin da nake ciki shi ne na shekarun yawo. Bayan rufe Mudra ta koma Brussels wajen Béjart, tana koyar da Turawa rawar Afirka. Daga nan ta fara kwaso ɗalibanta na Turai tana kai su ƙauyen Fanghoumé a Casamance su koya a inda abin yake, su ci abin da ake ci, su kwana inda ake kwana. A 1985 ita da mijinta Helmut Vogt, Bajamushe, suka buɗe ɗakin koyarwa a Toulouse. Wannan mutum ya cancanci shafinsa, domin shi ne mai lissafi da takardu da neman tallafi, aikin da ba a tafa wa amma in babu shi makaranta ba ta kwana.

A nan ne kuma ta koma dandamali. A 1987 ta fito da rawa mai suna Sahel, a 1988 ta biyo da Ye'ou, tare da makaɗi Arona N'Diaye, wadda ta zaga ƙasashe ta kuma samo mata lambar yabo a Landan a 1991. Ban tsawaita a nan ba. Abin da ya fi damuna da shi shi ne duk tsawon shekarun nan 'yan Afirka ba su ne a ajinta ba, sai masu kuɗin jirgi. A 1995 ta tattara ta koma Senegal.

13 ga Yuli, 2024

Toubab Dialaw. Ƙauyen masunta ne na mutanen Lebu, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar, a bakin teku. A nan ita da Vogt suka samu fili tsakanin duwatsu da itatuwan kuka da wani tafki, suka fara gini. A 1998 suka kafa ƙungiyar Jant-Bi suka kuma yi horaswa ta farko ta wata uku, tun gine-gine ba su tsaya ba. A 2004 aka yi bikin buɗe École des Sables, makarantar rairayi.

Na shafe makonnin nan ina kallon duk hoton wurin da na samu don in iya kwatanta wa yara. Ɗakunan rawa biyu ne. Ɗaya, Henriette, yana da daɓe irin na kowane ɗakin rawa. Ɗayan, Kër Aloopho, babbar rumfa ce buɗaɗɗiya, ba bango, iska tana shiga ta ko'ina, ƙasansa kuma rairayi ne zalla. Za ka ga ɗalibai a da'ira da sassafe, makaɗa a gefe, ƙafafu sun nutse har idon sawu, in an juya ƙura ta tashi, in an faɗi a tashi da yashi a gadon baya. Ita kuma, kai a aske, tana zagayawa a tsakiya, ta ɗora tafin hannu a bayan ɗalibi ta nuna masa inda motsin ya maƙale.

Rairayin ba ado ba ne. Wanda ya taɓa tafiya a rafin da ya ƙafe da rani ya san yadda yashi yake cinye ƙarfin ƙafa, haka yake yi wa mai rawa. Ba ya mayar maka da tsalle, dole ka nemo ƙarfin daga cinya da ƙugu. Ba ya barin ka tsaya a sandare, kullum ƙafa tana neman daidaito. Kuma yana tausaya wa gwiwa, abin da siminti ba ya yi. Mu a kan siminti muke atisaye, kuma tun da na rubuta wannan shafi nake kallon gwiwoyin yaranmu da damuwa. Na yi magana da shugaban ƙungiya kan mu sayi yashi tifa guda mu zuba a bayan zaure. Ya ce a bari damina ta wuce.

Ɗalibai a makarantar suke kwana, a ƙananan ɗakuna, su ci abinci tare. Mutanen ƙauyen suna aiki a wurin, kuma ana gayyatarsu kallon abin da aka koya a ƙarshen horaswa. Wannan karon ba fadar shugaban ƙasa ce ta haifi makarantar ba, filinsu ne, ƙungiyarsu ce.

31 ga Agusta, 2024

Ruwa ya hana atisaye sau da yawa a wannan wata, sai na samu sararin gama babin dandamali na biyu.

Ƙungiyar Jant-Bi ta fara da maza. A 1999 Susanne Linke ta Jamus ta tsara musu rawa. Sannan Fagaala, wadda Acogny ta tsara tare da Kota Yamazaki na Japan kan kisan ƙare dangi na Ruwanda na 1994, ta samu Bessie, lambar yabon rawa, a New York a 2007. Na sa wannan don yara su ga cewa rawa tana iya ɗaukar makoki, ba murna kaɗai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na tsufanta. Akwai wani kiɗa na 1913 na Igor Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, kan wata al'umma da take zaɓar budurwa ta yi rawa har ta mutu don bazara ta zo. Béjart ya so Acogny ta taka wannan zaɓaɓɓiya tun tana matashiya, abin bai yiwu ba. Sai da ta kai 70 Olivier Dubois, mai tsara rawa na Faransa, ya tsara mata rawar, Mon élue noire, ita kaɗai a cikin wani ƙaramin akwati mai duhu. Ta sake samun Bessie da ita a 2018. A 2021 bikin fasaha na Venice a Italiya ya ba ta Zakin Zinariya na aikin rayuwa.

Kiɗan nan ya sake dawowa ta wata ƙofa, kuma a nan ne makaranta ta nuna amfaninta. Gidauniyar Pina Bausch, marigayiya mai tsara rawa ta Jamus, da gidan rawa na Sadler's Wells na Landan suka haɗa kai da École des Sables don a koya wa 'yan Afirka rawar da Bausch ta tsara wa kiɗan a 1975, wadda ake takawa a kan dandamalin da aka zuba wa ƙasa. Aka tara 'yan rawa 38 daga ƙasashe 14. Ana dab da fara nunawa a Dakar a Maris 2020, korona ta rufe komai. Kafin su watse suka fita bakin teku da almuru suka taka ta a kan yashi aka ɗauka a bidiyo. Sai a Satumba 2021 aka buɗe a Madrid, daga nan ta zaga duniya, Acogny kuma tana buɗe daren da wata rawa tare da Malou Airaudo, tsohuwar 'yar ƙungiyar Bausch, dukansu sun haye saba'in. Da babu makaranta mai ɗakin kwana da kicin da fili da sunan da za a amince da shi, da ba a samu inda za a tara waɗannan matasa ba.

12 ga Oktoba, 2024

Babin ɗalibai. Na ɗauki biyu na bi sawunsu. Irène Tassembédo ta Burkina Faso tana cikin ɗaliban Mudra Afrique, ta yi suna a Turai, sannan ta koma Ouagadougou ta buɗe makarantar rawa tata a 2009. Nadia Beugré ta Kwadebuwa ta bi ta École des Sables, yau tana cikin masu tsara rawa da ake ji da su, kuma in ka ga aikinta ba za ka ce kwafin malamarta ba ne. Wannan ya burge ni ƙwarai. Malamin da ɗalibansa duk suka fito kamanninsa, kansa ya koyar, ba sana'a ba.

Ta kuma yi abin da manya da yawa ba sa iyawa. Ta zaɓi wasu ta horar da su musamman don su koyar da tsarinta da izini, saboda kada ya zama kowa ya kalli bidiyo ya ce shi malami ne. (Ni ma da na gwada rimi da yaranmu na gaya musu ɗanɗano ne kawai, ba karatu ba, kuma haka na rubuta a littafin.) Ɗanta Patrick Acogny ya jagoranci ɓangaren fasaha na wasu shekaru, sannan a 2020 aka miƙa wa Alesandra Seutin da Wesley Ruzibiza, dukansu waɗanda suka sha daga hannunta. Ta miƙa tana raye, tana da ƙarfin gyara musu in sun karkace.

Ban ɓoye wa mai karatu cewa makarantar tana cikin damuwa ba. Yawancin kuɗinta daga masu tallafi na waje suke zuwa, kuma ta taɓa shiga mawuyacin hali da wani babban mai tallafi na ƙasar Holan ya kammala nasa. Ga kuma tashar jiragen ruwa ta Ndayane, aikin kamfanin DP World na sama da dala biliyan ɗaya, wadda shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya aza harsashinta a Janairu 2022, dab da makarantar. Senegal tana bukatar tashar, ba na musu. Amma shirun wurin da tafkin da bakin tekun suna cikin kayan koyarwa, kuma masunta maƙwabta ma abin ya shafe su. Raina yana ɓaci in na tuna cewa wuri irin wannan, da matasan nahiya guda suke zuwa, har yanzu da roƙo yake tsaye.

23 ga Nuwamba, 2024

Rubutun farko ya cika. Na ba mutum biyu su karanta: wata tsohuwar malamar motsa jiki da ta yi ritaya, da ɗaya daga cikin iyayen yaranmu. Malamar ta ce babin Mudra ya yi wa yara nauyi, sunaye sun yi yawa, in rage. Na yarda, zan cire wasu in bar Senghor da Béjart da Doudou Ndiaye Rose. Mahaifin kuwa ya tsaya a kan shafin rana da wata da taurari. Ya ce, "Malam, ba na ce ƙarya ba ne, amma 'yata ce za ta karanta." Mun zauna mun daidaita kalmomin ba tare da an cire ma'anar ba, kuma na ji daɗi da ya kawo maganar gabana maimakon ya hana yarinyar zuwa.

Saura hotuna. Ba zan ɗauki na kowa ba da izini ba, don haka na rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa makarantar ina neman izinin amfani da kaɗan, tare da bayanin ko su wane ne mu da abin da muke so mu yi. Kafin amsa ta zo, wani yaro a ƙungiyar mai hannun zane ya fara zana tsayuwar ƙafa da lanƙwasar baya, yarinyar layin baya ce take tsaya masa.

Wani aiki kuma ya fito daga cikin wannan, wanda ban shirya masa ba. Baba ya ce mu zauna da shi mu bi takun da ya sani ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan wanda yake da suna da wanda ya koya masa, mu rubuta, mu ɗauka a waya. Mun fara makon jiya, mun samu taku tara, uku daga ciki babu yaro ko ɗaya a ƙungiyar da ya taɓa ganinsu. Za mu ci gaba duk Asabar bayan la'asar. An kawo yashin ranar Laraba, yana jibge a bayan zaure, Asabar mai zuwa za mu baje shi kafin zaman Baba. Gyaran babin Mudra zan fara a farkon Disamba.